Huɗu ga Wane Wata?

Akwai wata mai rubuta manhaja da abokan aikinta ke kira Ba-Sassauci, don idan ta kafe a kan magana, ko da igiya ba a janye ta.

Kamfaninsu ya gina wa wani asibitin ido shafin da marasa lafiya za su riƙa zaɓar ranar ganin likita. Saura kwana biyu a buɗe shi, ta shiga ofishin Oga da kwamfutarta a hannu.

"Ranka ya daɗe, akwai matsala. Mu rana muke fara rubutawa, sannan wata. Wannan tsarin da muka aro kuwa wata yake fara karantawa. Mutum ya rubuta 04/05 yana nufin huɗu ga Mayu, shi kuma tsarin ya ajiye masa biyar ga Afrilu. A ba ni mako ɗaya in gyara, sunan wata ya riƙa fitowa da haruffa."

Oga, wanda bai taɓa yarda an fi shi sani ba, ya jawo kwamfutar ya buga 02/02. "Ga shi nan daidai! Sa hannu kawai a kan takardar amincewa."

"Wallahi ba zan sa ba."

"To aikinki fa?"

"Ga katin ofis ɗinku." Ta ajiye a kan tebur ta fita, ko waiwaye ba ta yi ba.

Aka buɗe shafin a watan Maris. Oga da kansa ya zaɓar wa mahaifiyarsa rana, don a ga ya yarda da kayansa: 04/05.

Ranar huɗu ga Mayu ya riƙo hannun tsohuwa har gaban teburin karɓar baƙi. Ma'aikaciyar ta duba ta ce, "Ai ranarku ta wuce tun biyar ga Afrilu. Likitan sai bayan wata uku."

"Wane sakaran ne ya haɗa wannan abu?" in ji tsohuwa. Oga ya sunkuyar da kai, kunya kamar ya nutse.

Daga bakin ƙofar asibitin ya kira Ba-Sassauci a waya. "Don Allah ki dawo aiki ranar 06/05."

"Wacce daga ciki, ranka ya daɗe?"

Ya ce a hankali, "Shida ga Mayu. Da haruffa."

Darasi: Idan ka san gaskiyar aikinka, tsaya a kanta ko da kujerarka na rawa. Kai kuma shugaba, saurari na ƙasa da kai kafin kuskuren ya biyo ka har gida. Ku tura wa wani ya amfana.