Kafin Wilmer Ya Kashe Babbar Kwamfuta

Akwai wani mutum a garin Manizales mai suna Wilmer Ocampo, shi ke kula da kwamfutocin wata ƙungiyar manoman gahawa. Ma'aikatan da ke rumbunan sayen gahawa a kan duwatsu ba sa saukowa gari. Daga can suke shiga babbar kwamfutar ofis ta intanet, su yi aiki a kanta.

Ranar Asabar Wilmer ya sabunta manhajar da ke tafiyar da ita. Da safiyar Litinin komai lafiya lau. Hantsi na yi sai allon kowa ya daskare. Na ciki ya kasa motsi, na waje ya kasa shiga.

Abokin aikinsa Duván ya leƙo yana hamma.

"Mutumina, me kake jira? Kashe ta ka kunna, mu je mu ci abinci."

"Akwai mutane a ciki," in ji Wilmer. "In na kashe, duk abin da ba su adana ba ya tafi."

"Su sake mana. An yanke musu hannu ne?"

Wilmer ya san abin da ke gabansa. A rumbu ana auna buhun manomi, a shigar da nauyin, a juye gahawar cikin ta kowa. Idan aikin safiyar ya ɓace, babu mai sanin wa ya kawo me.

Sai ya ɗauki waya ya soma kiran rumbunan ɗaya bayan ɗaya, yana tambayar kowa abin da ya yi kafin allon ya tsaya. Manaja ya zo ƙofa ya tsaya, ya dubi agogo, ya wuce.

Can kira ya kai ga Doña Nubia, dattijuwar da ke riƙe da rumbun Aguadas.

"Ɗana, don Allah kada ka taɓa komai. Tun safe nake awo, ban adana ba."

"Ba zan taɓa ba, Doña. Me kika yi kafin ta tsaya?"

"Ni? Ba komai. Firinta kawai na kunna. Ka san ta tsufa, ba na tayar da ita da sassafe, sai rana ta ɗaga."

Nan take Wilmer ya gane. Ashe sabuwar manhajar ce ba ta san tsohuwar firintar ba. Ta tsaya jiran amsarta, ta riƙe kowa a layi.

"Doña, zare mata waya, ta ƙara hutawa."

Ya tsayar da sashen buga takardu kaɗai, ya sake tayar da shi. Alluna suka farfaɗo. Doña Nubia ta adana aikinta, ko buhu ɗaya bai ɓace ba.

Duván ya sosa ƙeya. "To ai da ka kashe ma da ta tashi."

"Ta tashi, Doña ta sake shiga da firintarta, ta sake daskarewa. Da yanzu kana nan kana ta kashewa."

Motar gahawa ta gaba ta zo wa Wilmer da ƙullin cuku daga Aguadas. Duván ne ya cinye rabi.

Darasi: Kafin ka ɗauki gajeriyar hanya, duba wanda za ta taka. Haƙurin tambayar mutane yakan ceci aikinsu, ya kuma kai ka ga ainihin matsalar. Ku tura wa mai gaggawar da kuka sani.