Tuƙar Raƙumi a Wajen Karta

Dalilin da ya sa raƙumi yake ta tuƙa, fuskarsa ba yabo ba fallasa, ya samo asali ne daga wani rani mai tsanani.

A da, babu dabbar da fuskarta ke tona cikinta kamar raƙumi. In ya ji daɗi leɓensa ya hau rawa, in ya ji haushi ya zubo.

A ranin nan rijiya ɗaya ta rage, dabbobi suna ta faɗa a kan layin sha. Sai dila ya dawo daga yawon duniya da wani wasan karta mai suna foka, ya ce a raba gardama da shi. Kowa za a ba shi kati biyar ya ɓoye, ya sa ranar shan ruwansa a matsayin kuɗin caca. Mai ƙarfin hali ya ƙara wata ranar, mai shakka ya ajiye katinsa ya fita. Waɗanda suka rage su buɗe, mai manyan kati ya kwashe.

Kullum raƙumi ake ci. In leɓensa ya yi rawa, dila ya ajiye. In ya zubo, dila ya ƙara. Har nonon matarsa taguwa ya fara ƙafewa, ga jariri.

Wata tsohuwar akuya ta ja shi gefe.

"Dogo, ba katinka ake ci ba, leɓenka ake ci," ta ce. "Ka ba bakinka aiki. Kuma ba kowane rabo ake bi ba."

Washegari ya zo da tuƙa a baki. Mugun kati ya zo, ya ajiye, yana tuƙa. Wani ya zo, ya sake ajiyewa. Yana daga sama yana kallo, har ya lura duk lokacin da dila ke cika baki da katin banza, kunnensa na hagu yakan motsa.

Can dila ya tura duk ranakunsa, har da waɗanda ya ci. "Dogo, in ka isa ka biyo ni."

Kunnen ya motsa. Raƙumi ya dubi katinsa, sarakuna biyu ne kacal.

"Na biyo ka, Malam. Buɗe."

Dila ba shi da komai. Raƙumi ya kwashe, sannan ya mayar wa kowa ranarsa, har dilan, ya sa taguwa a gaban layi.

Shi ya sa har yau raƙumi yake tuƙa yana duban mutane daga sama, ba mai sanin abin da ke ransa. Ƙishirwar da ya saba da ita a ranin nan kuwa, ita ce take raka shi ƙetare sahara.