Shingen Bunsuru a Bakin Rijiya

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa.

Ta zo mu ji ta, mun matso.

Wata shekara aka yi fari, rijiya ɗaya ta rage a daji, aka naɗa Bushiya mai tsaron layi. Dokarta biyu ce. Mai ƙarfi shi ke fara sha, ko a ina ya tsaya. Amma waɗanda ke cikin shinge, da su ake fara gamawa, ko Zaki sai ya jira.

Bunsuru kullum shi ne na ƙarshe, laka yake tararwa. Ran nan ya saro ƙaya, ya kewaye kansa cikin gaggawa, ya ja ya rufe. Bai lura ba, ashe ya haɗa da Kura, tana kwance a bayansa.

Ya ce wa Bushiya, "Ranki ya daɗe, ina cikin shinge."

Bushiya ta leƙa ta ce, "Ku biyu na gani. A cikin ma mai ƙarfi ke farawa. Ku gama, wanda ya fito ya sha."

Bunsuru ya waiwaya, sai ga Kura. "Wallahi kuskure ne! Ni kaɗai na yi nufi."

"Ni ba na duba nufi, Malam Bunsuru. Inda shinge ya rufe nake dubawa."

Zaki ya zauna yana jira, don doka doka ce. Can Kura ta fito ita kaɗai tana lasar baki, ta ce a ba ta ruwa ta kora.

Ƙurunƙus kan bunsuru, in ma ta bar kan.