In Gado Ne, Na Yafe Rabona

Akwai wata yarinya a garin Laredo na Amurka mai suna Yaretzi Olvera, 'yar shekara goma sha biyar, mai jiki tun tana ƙarama. A dangi ba a kiran ta sai da "Gordita", wato 'yar lukuta.

Ranar da aka auna jininta, likita ba ta ɓoye mata ba: ciwon sukari bai kama ta ba tukuna, amma yana bakin ƙofa. Yaretzi ta san ciwon. Shi ya cinye ƙafar mahaifinta kafin ya kai shi kabari.

Likitar ta saka ta a wani shiri na matasa da ake yi ta waya. Tana tura hoton abincinta, wayar tana lura da tafiyarta, duk mako kuma wata malama tana kiran su ta bidiyo.

Ba ta guji abincin gida ba. Ta dai rage tortilla, wato gurasar masara, ta watsar da lemon kwalba, ta roƙi kakarta Doña Eulalia ta sassauta wa kitse. Tsohuwa ta yi ta kumbure-kumbure, wai an raina mata girki.

Wata Lahadi aka taru gashin nama a gidan Kawu Rigoberto, ƙanin mahaifinta, direban babbar mota, mai bakin tsiya. Ya hango ta tana ɗaukar hoton farantinta, ya fizge wayar ya ɗaga sama.

"Ku zo ku gani, Gordita ta yi sabuwar uwa! Sai waya ta ba ta izini take cin abinci."

Aka kwashe da dariya. Ya ƙara da cewa sukari gadonsu ne, da shi kakanta ya tafi, da shi ubanta ya tafi, gara ta ci ta more.

Idonta ya ciko, amma ta hana hawayen zuba. Ta miƙa hannu.

"Kawu, ba ni wayata. Ni na riƙa wanke wa Baba dungulmin ƙafarsa, kai ko ɗakin ba ka iya shiga. In gado ne, na yafe rabona."

Kawu ya wurga mata wayar, daga ranar ko gaisuwarta ya daina amsawa.

Abin bai zo mata da sauƙi ba. Wani makon ta karya doka, wani makon sikeli ya ƙi motsi, ga zafin gari. Sai ta tuna dariyar nan, ta ɗaure takalmi ta fita tafiyar yamma. Ana nan sai Kaka ta fara bin ta, wai karnukan unguwa kawai take kore mata.

Shekara ta zagayo, aka sake awo. Ba ta zama siririya ba, amma jininta ya dawo daidai.

Shi kuwa Kawu, hanya ta fara yi masa hazo-hazo. Ashe sukari ya daɗe yana cin idonsa, dole ya ajiye tuƙi. Bai gama jin wannan ba, aka auna 'yarsa Itzel, likita ta ce ita ma ciwon yana bakin ƙofarta.

Ya zo har gida, hula a hannu, ya yi ta kame-kame kafin ya roƙe ta ta nuna wa Itzel yadda ake shiga shirin.

Yaretzi ta dube shi ido cikin ido.

"Zan nuna mata. Amma ba mai yi mata dariya a gidanka, har da kai. Kuma tafiyar yamma, da kai za a yi."

Ya sunkuyar da kai, ya daɗe yana murza hular.

"Ƙarfe nawa kuke fita?"

Darasi: Ba duk abin da ka tarar a gidanku ne dole ka gada ba. Kada dariyar mutane ta hana ka kula da lafiyarka, domin ranar ciwo ba mai raba maka zafi. Ku tura wa wanda ake yi wa ba'a don yana ƙoƙarin gyara rayuwarsa.