Allo Mai Fuska Biyu

Akwai wata baiwar Allah da ake kira Auta, mai kula da gandun rainon itatuwa na mahaifinta, Farfesa. A nan ta fara ganin mijinta, lokacin yana ɗalibin Farfesa. Ya durƙusa yana shinshina ganye, wandonsa duk laka. Ta yi dariya, ya ɗago, shi ke nan.

Bishiyar da suka fi sayarwa 'yar ruwa biyu ce, an same ta daga barbarar itatuwa biyu, ga ta a bakin kowane titi. Farfesa ya tsufa yana kare tsohon sunanta na kimiyya. Da surukin ya zama Dakta, sai ya wallafa cewa an yi kuskuren ɗaya daga iyayenta, dole a sauya suna.

Daga ranar gaisuwa ta mutu tsakaninsu.

Auta ce mai rubuta allunan suna. Ta rubuta tsohon, miji ya ƙi cin abinci. Ta rubuta sabon, uba ya ce, "Har ke, Auta?" Gaba kura, baya sayaki.

Sai ta koma rubuta kowane allo gaba da baya, fuska ɗaya tsohon suna, ɗaya sabon. In ta ji motar Baba, ta bi layi da gudu tana juyawa. In ta ji babur ɗin Dakta, ta mayar. Ko salla take, kunnenta na bakin ƙofa.

Wata safiya suka iso tare, ta juya rabin layi ke nan. Farfesa ya zare allo ɗaya, ya duba bayansa.

"Wannan dabarar taka ce, ɗan zamani?"

"Ranka ya daɗe, ai na ɗauka naka ne a baya saboda tarihi."

Auta ta zauna kan buhun taki tana haki.

"Baba, ciki gare ni. Shi ma in ya zo, juya shi zan riƙa yi?"

Farfesa ya dubi hannayenta, duk fenti. Dakta ya cire hula, ya durƙusa gaban surukinsa.

Ta share ido ta ce, "Ku yi ta musunku, na ilimi ne. Amma na yi alkawari gaban Allah, ɗana ba zai tashi yana ɓoye kakansa daga ubansa ba."

Darasi: In manya biyu suka ƙi sunkuya wa juna, mai son su duka ne ke karyewa. Tura wa wanda girman kai ya raba da nasa.