Rakiyar Cindo Wanzami

To, ku matso kusa, muryata ba ta kaiwa bakin ƙofa. Ga ta nan, ga ta nanku, ta sha tafiya ta iso.

Ta zo mu ji ta, Inna!

An yi wani mutum wai shi Shekarau, mutumin Ɗambatta. Tun yana saurayi ya tafi Kumasi, can ƙasar goro, ya zauna a zangon Hausawa. Sana'arsa ɗaurin goro. Ya shimfiɗa ganye, ya zuba goro, ya yayyafa ruwa, ya ɗaure huhu tamau. Shekara talatin yana wannan. In ya ɗaure sai ya tambayi mai kaya, "Wannan ina za shi?" A ce Agadas. "Wancan fa?" A ce Tumbutu.

Rannan sai ya zauna ya zuba wa wani huhu ido, ya ce, "Kai! Goro ma da ba shi da ƙafa ya fi ni yawo. Ni ga ƙafa biyu, daga rumfa sai ɗaki, daga ɗaki sai masallaci."

Sai ya miƙe ya kakkaɓe riga. Ya bar wa wani tela ɗakinsa, ya rabar da katifa da tukwane. Ya rage wa kansa jaka ɗaya da buta da laima. Ya ce shi ba gida za shi ba, duniya zai zaga har inda ƙafa ta gaji.

Sai sarkin zango ya ji, ya aika aka kira shi.

Ya ce, "Shekarau, ashe guduwa za ka yi? Mu nan mun riga mun sayi rawani. Sarkin 'yan ɗauri ya rasu, kai muka zaɓa. Ran Juma'a za a naɗa."

Shekarau ya ce, "Ranka ya daɗe, a ba wani."

"Ba a ba wani. In Juma'a ta same ka a garin nan, kanka ya shiga rawani. Kuma wanda aka naɗa ba ya ƙetare gadar bakin gari, yana nan tare da mu har tsufa."

Shekarau ya ƙirga da yatsa, ya ce a ransa, yau Talata, gobe i yanzu ai na yi nisa.

To, yana da amini, Cindo wanzami, mutumin Gumel. Shi ma ba mata ba 'ya'ya, daga shi sai zabirarsa ta aski. Ya girmi Shekarau da wata biyu, kuma bai taɓa barin a manta da wata biyun nan ba.

Ran Laraba da sassafe zango ya taru ban kwana. Liman ya yi doguwar addu'a. Aka yafi juna. Gwamma mai koko, maƙwabciyar Shekarau, ta yi kuka har ɗankwalinta ya faɗi, ta ƙulla masa guzuri, dakuwa da ƙuliƙuli da soyayyen nama. Sai Cindo ya rataya zabira ya ce, "Mu je in taka maka."

Kun dai san yadda rakiya take. Mai rakiya ba ya juyawa don kansa. Sai mai tafiya ya tsaya ya ce masa, ya isa haka, ka koma.

Suka tafi, suka tafi, har gada. Nan motar arewa ke tsayawa, sau ɗaya a rana, da hantsi. Sai Shekarau ya ce, "Yaya Cindo, ya isa haka, ka koma."

Cindo ya ce, "To, Allah ya kiyaye hanya." Ya juya yana jan ƙafa.

Shekarau ya bi ƙeyarsa da kallo. Sai ya ce, "Haba! Mutum ya girme ni da wata biyu, in bar shi ya koma shi kaɗai? A ce ba ni da tarbiyya?" Ya ɗaga murya, "Yaya, tsaya in ɗan taka maka zuwa mangwaron can."

Suka kama hanya. Sai gardama ta tashi, furar Gumel da ta Ɗambatta wacce ta fi. Suka wuce mangwaro, suka wuce injin niƙa, suka wuce mahauta. Ba su farga ba sai ga su a ƙofar shagon Cindo. Can daga nesa suka ji mota ta yi, fooom!

Cindo ya ce, "Wannan kamar taka ce."

Shekarau ya ce, "Ita ce."

Sai suka zauna suka cinye guzurin. Shekarau ya kwana a bencin aski, don tela ya riga ya kafa kekensa a ɗaki.

Ran Alhamis aka sake taruwa, amma rabin mutane. Liman ya yi gajeruwar addu'a. Shekarau ya riƙe hannun wani mahauci ya ce a yafi juna, sai mahauci ya ce, "Ai jiya na yafe maka. Ko ka sake yi mini wani abu tsakanin jiya da yau?" Gwamma ta shiga ɗaki ta fito da hawaye shaɓe-shaɓe, ta miƙa guzuri, ƙuliƙuli kawai. Cindo ya rataya zabira ya ce, "Mu je in taka maka."

Suka tafi, suka tafi, har gada. Shekarau ya ce, "Yaya Cindo, ya isa haka, ka koma." Yana rufe baki sai ruwa ya ɓarke kamar da bakin ƙwarya. Laima kuwa ɗaya ce.

Ya ce, "Ungo laimar."

Cindo ya ce, "In karɓi laimar matafiyi? Allah ya sawwaƙe mini."

"To ka tafi a jiƙe?"

"Ba komai. Mura ce kawai. In ta kashe ni, ka ji labari a hanya."

"Subhanallahi! Mu je in kai ka rumfar can."

Rumfar can tana yoyo. Ta gaba akuyoyi sun cika ta. Ta gaba kuma mai ita ba sa shiri da Cindo, wai ya taɓa yanke masa kunne. Haka, haka, sai ga su a ƙofar shago. Can daga nesa, fooom!

Da ruwa ya ɗauke suka ga an shanya rawani a ƙofar sarkin zango, fari fat, tsawonsa daga wannan katanga har waccan. Sarki na zaune a kujera, ya ɗaga hannu ya ce, "Barka da dawowa, sarkin 'yan ɗauri! Hanya lafiya?"

Shekarau bai iya cin ƙuliƙulin ba ranar.

Ran Juma'a da sassafe ba wanda ya fito. Ya je wajen liman, liman ya leƙo ta taga ya ce, "Addu'ar jiya tana nan, ba a taɓa ta ba." Makaɗa kuwa har sun fara ɗame ganguna a ƙofar sarki. Sai ya wuce wajen Gwamma, tana dama koko.

Ta ce, "Kada ka kalle ni. Hawayena sun ƙare. Na jiya ma albasa na yanka."

Ya ce, "Gwamma, ki taimake ni. Ni ba na iya barin Yaya Cindo ya koma shi kaɗai."

Ta ajiye ludayi ta ce, "Wa ke ce masa ya koma?"

"Ni."

"In ba ka ce ba fa?"

"Ai ba zai juya ba."

"To ka ɗinke bakinka mana! Gemu har ƙirji, ba dabara." Ta cusa masa ƙosai uku a aljihu, ta ce ya ba ta wuri, masu saye na jira.

Cindo ya rataya zabira ya ce, "Mu je in taka maka."

Suka tafi, suka tafi, har gada. Cindo ya tsaya ya gyara murya.

Ya ce, "To, ga gada."

Shekarau ya ce, "Na gan ta."

"Gadar nan ce fa."

"Kyakkyawa kuwa."

Cindo ya sake gyara murya. Maganar nan ta taso wa Shekarau har maƙogwaro, don shekara talatin bai taɓa riƙe mai rakiya ba. Sai ya cije leɓe. Can sai ga mota. Can kuma ta baya sai ga 'yan sarki a guje, mutum huɗu, sun riƙo rawani ta gefe-gefe yana kaɗawa, wai sarki ya ce ba sai an jira azahar ba.

Shekarau ya jefa jaka, ya jefa buta, ya haye bayan mota.

Cindo ya ce, "Shekarau, ba ka ce komai ba."

Shekarau ya ce, "Mmm."

"To ni dai ba a sallame ni ba." Ya tattare riga ya haye shi ma.

Mota ta yi fooom, ta ƙetare gada. 'Yan sarki suka tsaya suna haki. An ce da suka ga ba kan da za a naɗa, sai suka koma suka naɗa wa telan nan, tunda shi ke cikin ɗakin.

Su kuwa sai Tamale. Daga Tamale sai Wagadugu, daga Wagadugu sai Yamai, sai Agadas, sai Tumbutu. Inda suka sauka, Cindo ya samu inuwa ya buɗe zabira ya yi aski, Shekarau ya shiga kasuwa ya ɗaure wa mutane kaya. Suka hau raƙumi ya kayar da su. Suka shiga kwalekwale Cindo ya yi amai. In an tambaye shi, "Baƙo, ina za ka?" sai ya ce, "A'a, ni ba matafiyi ba ne. Rakiya na zo."

Shekara bakwai suna wannan. Rannan suna zaune a bakin teku, a wani gari da ba su iya faɗin sunansa ba, sai Shekarau ya dubi Cindo, ya ga kansa ya yi fari, takalminsa ya sha faci. Sai tausayi ya kama shi.

Ya ce, "Yaya Cindo, zan faɗa maka wata magana."

Cindo ya ajiye aska.

"Da gangan na ƙi sallamarka. Na raba ka da shagonka, na ja ka duniya. Ka yafe mini."

Cindo ya ce, "Shi ke nan maganar?"

"Shi ke nan."

Sai Cindo ya sauke numfashi ya ce, "Kai, Allah ya shirye ka, ka tsinka mini hanji! Shekara bakwai, kullum ka buɗe baki sai gabana ya faɗi, in ce yau zai ce in koma. Ko hamma ka yi sai na toshe kunne. Tashi mu tafi, an ce bayan dutsen can akwai garin da ke dafa kifi da ayaba."

Suka tashi, Cindo a gaba, mai tafiyar a baya yana cewa a jira shi.

Ƙurunƙus kan kusu, ta naɗe tabarmarta ta wuce. Abin da zan gaya muku ke nan, wanda bai son rabuwa da kai ba lallai ya faɗa da baki ba, ka duba ƙafarsa. Kuma in aka ce ku raka baƙo, ku sa takalmi, ku sauke tukunya daga wuta tukuna.