Keken Mushe Halidu da Yashin Dakoro

Akwai wani malamin lakwal, wato makarantar boko, a Dakoro ana ce masa Mushe Halidu, don Mushe ake kiran malamin boko a can. Mutumin kirki ne, ba a taɓa jin ya cuci kowa ba. Aibinsa guda ne: ya daɗe yana riƙe da jan biro yana gyara wa yara kuskure, har ya manta shi ma yana iya yinsa.

Bayan alli, ba abin da yake so kamar ƙarfe. Duk ranar Lahadi da hantsi za ka same shi a gindin bishiyar bedin da ke bayan shagon Mutari mai walda, inda su biyar suke haɗuwa suna ɗora wa kekuna inji. Ba sana'arsu ba ce, sha'awa ce kawai. Wani ya kawo tsohon injin ban ruwa, wani ya tsinto sarƙar moto, wato babur, a kasuwa, a yi ta kwancewa ana ɗaurawa ana shan shayi har azahar.

Suna da doka guda wadda babbansu ya kafa, wato Agali, dattijon da ya yi ƙuruciyarsa yana kiwon raƙuma kafin ya zauna gari. Dokar ita ce: wanda ya haɗa keke ba shi ne zai fara hawansa ba. Sai wani ya hau, ya zagaya, ya dawo ya faɗi aibinsa a gaban kowa. Mai keken kuwa ya yi shiru ya saurara, ko da abin ya yi masa ɗaci.

Mushe Halidu ya sha hawan na wasu. Kuma wallahi ya iya faɗin aibi, har da lissafawa da yatsu.

Ana nan sai aka sauya masa wurin aiki, aka tura shi lakwal ɗin wani ƙauye mai nisan kilomita goma sha bakwai, hanyar duk yashi. Sauran malaman a can suke kwana. Shi kuwa ba zai iya ba, don mahaifiyarsa Inna Dela ta samu shanyewar ɓarin jiki. Matarsa tana kula da ita da rana, amma ɗaga ta da juya ta safe da yamma sai shi, kuma ƙauyen babu likita balle a ce a tafi da ita. Moto ya fi ƙarfin aljihunsa. Saboda haka ya ƙudura zai haɗa wa kansa keke mai inji kafin a koma makaranta.

Ya shige gida ya rufe ƙofa. Ya zana komai a takarda da ma'auni. Sati uku ba wanda ya ga ƙeyarsa a gindin bedi.

Ranar da ya fito da keken, kowa ya yaba. Fenti kore, inji zaune daram, taya cike da iska kamar ganga. Agali ya miƙe ya naɗe rawaninsa, ya kama kan keken zai hau.

Mushe Halidu ya riƙe sirdi.

"Baba Agali, wanga ba irin wanda kunka saba ba ne. Da lissahi anka yi shi."

"To Mushe, ai doka doka ce."

"Dokar ta masu haɗawa da ka ce. Ni na auna komi. In da kuskure, da na gani."

Mutari ya buɗe baki zai yi magana, Agali ya ɗaga masa hannu, ya saki keken ya koma kan tabarma. Jama'a, wanzami dai ba ya son jarfa.

Mushe ya hau abinsa ya bi kwalta. Keken ya yi gudu kamar zai tashi sama, har masu moto suna waiwaye. Ya dawo yana murmushi, bai ko sauka shan shayi ba.

Ranar Litinin aka koma makaranta. Yana barin kwalta ya shiga yashi, labari ya sha bamban. Tayar gaba ta fara yanka ƙasa tana nutsewa, ta baya tana juyawa a wuri guda tana watsa masa rairayi a ƙeya. Ya ƙara wuta, injin ya yi tari sau biyu ya mutu. Ya kwance buji, wato filogi, ya goge, injin ya tashi, ya sake mutuwa. Daga nan sai turi. Keken da aka ɗora wa inji kuwa nauyinsa ya ninka.

Ƙarfe goma sha ɗaya ya isa, rigarsa sharkaf da gumi. Talata ya fita tun da asuba, ya isa goma da rabi. Haka aka yi ta yi har Juma'a. Da yamma kuma yakan dawo a makare, ya tarar Inna tana kwance a gefe guda tun safe, yana ganin yadda take cije leɓe in ya juya ta. Wannan ya fi komai ƙona masa rai.

Ranar Juma'a shugaban lakwal ya kira shi gefe.

"Mushe, na san halin da kake ciki, amma yara sittin na zaune ba malami. In Litinin anka tada tuta ba ka nan, ko ka tare nan ƙauyen, ko in rubuta ma na sama su kawo wani."

Ya dawo gida ya jingine keken a zaure. Kunya ta hana shi zuwa gindin bedi. Da wane baki zai je?

Asabar da safe sai ga sallama. Ya leƙa, ya ga Agali a gaba, Mutari na biye da akwatin kayan aiki a ka, sauran biyun suna turo amalanke da injin walda a ciki. Ashe masu amalanken da ke wuce shi a hanya sun kai labari kasuwa tun Talata.

Mushe ya sunkuyar da kai. "Baba Agali, ni ban san mi zan ce ba."

"Kak ka ce komi. Gayya munka zo. Hiddo shi."

Suka tura keken bayan gari inda yashi ya fi zurfi. Agali ya hau. Bai yi taku hamsin ba ya tsaya, ya sauko yana kakkaɓe wando.

"Mushe, in hwaɗi?"

"Hwaɗi, Baba. Ina saurare."

"Kekenka ɗan birni ne. Ka taɓa duban tahin raƙumi? Hwaɗi gare shi, kuma da taushi, shi ya sa ba ya nutsewa. Kai ko ka cika taya ta yi tauri kamar ƙahon sa."

Ya durƙusa ya sace iska daga tayoyin har suka ɗan baje. Sannan ya nuna bakin da injin ke shaƙar iska, yana can ƙasa dab da tayar baya.

"Nan kuma abinci kake ba shi, tuwon rairai safe da marece."

Mutari ya taɓa ƙaramin farantin da sarƙa ke hawa a baya, ya yi dariya. "Wanga na gudu ne bisa kwalta. Yashi ƙarhi yake so, ba gudu ba."

Mushe Halidu ya ciro biro daga aljihu ya rubuta duk abin da suka faɗa.

Kwana biyu suka yi a kansa. Suka wanke cikin injin da esansi, wato fetur, yashin da ya fito ya kusa cika murfin kwalba. Mutari ya liƙa babban faranti na tsohuwar moto. Ɗaya daga cikin sauran biyun ya cire faffaɗan tayoyin kekensa ya bayar, ya ɗaura na Mushe a nasa. Aka jawo bakin iskar sama da guntun tiyo, aka toshe shi da soson katifa da aka jiƙa da mai. Lahadi da la'asar kowa ya hau ya gwada, mai keken ne na ƙarshe.

Litinin da sassafe ya gama juya Inna, ya fito, sai ya tarar da su huɗu a ƙofar gida, kowa a kan kekensa. Mutari ya bar shagonsa a rufe.

"Mu tahi," in ji Agali. "In ya mutu a hanya, ka hau nawa ka wuce."

Bai mutu ba. A hankali yake tafiya, amma ko tudun da ya fi ba shi wuya sai ga shi ya haye yana gurnani. Mata a bakin rijiya suka saki guga suna kallon kekuna biyar a jere. Suna shiga filin lakwal yara na cikin yin layi, igiyar tuta tana hannun shugaban, bai ko fara ja ba. Ya dubi agogonsa, ya dubi Mushe, ya yi dariya. Yara suka ɓarke da tafi. Mushe Halidu ya juya zai yi godiya, sai hawaye.

Da yamma abokan suka fito bakin gari suka tarye shi, suka rako shi gida rana ba ta faɗi ba. Ya shiga ɗaki ya sa hannu ya ɗaga mahaifiyarsa, ya gyara mata matashi.

"Auta, yau da sauran rana ka zo," in ji Inna Dela. "Amma ƙarar da na ji ba ta keke guda ba ce."

"Mu biyar ne, Inna."

"To mi kake jira? Ce a dama hura da yawa. Kuma ka shigo min da su, in ga mutanen da sunka maido min ɗana."

Darasi: Komai iliminka, akwai aibin da idonka ba zai gani a aikinka ba sai wani ya nuna maka. Kada ka raina masu gyara maka, kuma in ɗan'uwanka ya faɗi bayan ya ƙi jin shawara, ka je masa da kayan aiki, ba da gori ba. Ku tura wannan labari ga abokan da suka taɓa tsaya muku ranar da kunya ta hana ku neman taimako.